Amsa ga ɗana mai son kai bishara gidajen yarin ƙasashen waje

Wani ɗana cikin Ubangiji da ya gama makarantar tauhidi a Bukuru bara ya turo min tambaya. Yace tun yana aji biyu yake jin nauyin fursunoni a zuciyarsa, musamman 'yan Najeriya da ke ɗaure a ƙasashen waje, yana so ya tafi aikin mishan a cikinsu amma bai san ta ina ake farawa ba, wa zai tura shi, kuma wai ana ma barin baƙo ya shiga kurkukun wata ƙasa yayi wa'azi kuwa?

Ɗana, sannu da wannan nauyi, Ubangiji ya ƙara maka shi, ba kowa ake ɗora wa ba. Ni dai na haura shekara 20 ina shiga gidan yari, yawanci a nan Jos da kewaye, sai shekara 4 da nayi a Ingila lokacin da ikilisiya ta tura ni ƙaro karatu, inda na riƙa shiga wani gidan yari kowane mako a matsayin ɗan sa kai. Daga nan na ɗebo abin da zan faɗa maka, da kuma bakin waɗanda suka riga ni cikin aikin.

E, ana shiga. Amma bari in fara baka labarin ranata ta farko tukuna.

Na kwana uku ina shirya wa'azi kan ɗa ɓatacce, Luka 15. Da safe muka je, gandiroba ya karɓi katinmu, aka laluba mu, aka buɗe 'yar ƙaramar ƙofar nan da ke jikin babbar muka shiga ɗaya bayan ɗaya. Kafin mu isa ɗakin sujada an riga an fara waƙa, ganga ɗaya ce tak sai wata jarka da wani yaro ke bugawa, amma ban taɓa jin maza suna waƙa da dukan ƙirjinsu haka ba. Nayi wa'azina, mutum wajen 30 suka ɗaga hannu, raina fes. Muna shirin fita sai wani dattijo mai ɗaurin rai da rai, shi ne kamar uban ikilisiyar ciki, ya riƙe hannuna da hannu biyu yace, Fasto mun gode ƙwarai, amma in gaya maka gaskiya, labarin ɗa ɓataccen nan duk baƙon da ya zo shi yake kawo mana, kuma waɗannan da ka ga sun ɗaga hannu sun ɗaga wa na makon jiya, za su ɗaga wa na mako mai zuwa. Abu ɗaya nake so in sani, za ka dawo? Ba da faɗa yayi maganar ba, a hankali yayi ta, idonsa cikin nawa. Har yau in na tsaya a bakin ƙofar kurkuku muryar nan nake ji.

A ranar na gane Yesu ya riga ni shiga wurin. Ikilisiya na ciki, da dattawanta, da mai bi da waƙa, da ma'aji, da masu azumi ranar Juma'a. Kuma haka abin yake kusan ko'ina a duniya. Saboda haka cire tunanin cewa kai ne za ka kai haske cikin duhu. Kai baƙo ne da ya zo wurin 'yan'uwa, kuma abin da za su auna ka da shi ba daɗin bakinka bane, dawowarka ce. Karanta 2 Timoti 1:16-17 ka ga mutumin da Bulus ya sa wa albarka lokacin da yake ɗaure a Roma, Onisifaras. Ba a ce yayi wa Bulus wa'azi ba. An ce ya sha sanyaya masa rai, bai ji kunyar sarƙarsa ba, kuma da ya zo Roma sai da yayi ta cigiya har ya gano inda yake. Mutumin Afisa ne, ya ƙetare teku ya nemo ɗan'uwansa a kurkukun wata ƙasa. Aikin da kake tambaya a kai ke nan, tun wancan zamani.

To yanzu yadda ake shiga. Babu ƙasar da na sani da za ka sauka filin jirgi da Littafi Mai Tsarki a hammata ka nufi kurkuku a buɗe maka. Da ɗan gari akan ci gari. A Ingila dokar gidajen yari ta 1952 ta wajabta kowane gidan yari ya kasance da caflin, wato limamin Kirista na gidan, kuma yanzu ofishin ya zama na addinai da dama, za ka tarar da fada na Katolika, da na Angilika, da limamin Musulmi, da na Sik da na Yahudawa, duk ofis ɗaya, butar shayi ɗaya. Ta hannunsu kaɗai ake shiga. Sai wata ikilisiya ta can ta tsaya maka, ka cika takardu, a binciki tarihinka, ni nawa binciken ya ci wata wajen shida saboda sai da suka nemi shaida daga gida. Bayan nan a koya maka dokokin tsaro kafin ka taka ciki. Kuma ba a yarda ka bi ɗaki-ɗaki kana jan mutane su canza addini ba, ranar da ka yi haka ranar za a karɓe katinka. Fursuna yana rubuta addininsa ranar da aka kawo shi, in yana so ya zo sujada ko nazarin Littafi Mai Tsarki shi zai sa sunansa. Wanda ya tambaye ka dalilin begenka kuwa, ka amsa masa a sake, babu mai hana ka.

Da farko dokar nan ta dame ni, nace to ina bisharar? Sai da na ga ainihin aikin caflin. Duk sabon fursuna sai an gan shi cikin awa 24 da zuwansa, ana zagaya ɗakunan horo da na marasa lafiya kullum, kuma in mahaifiyar wani ta rasu a waje, caflin ne zai je ya zauna da shi ya faɗa masa. Mutumin da ka zauna da shi a wannan ranar, ka yi shiru tare da shi, ba sai ka bi shi da takardar wa'azi ba, shi zai neme ka.

Akwai ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni da aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, ka nemo ka karanta ta 65 da ta 66. Sun ce kada a hana fursuna ganin malamin addininsa, a bar shi da littattafan ibadarsa, amma in yace baya son ziyarar wani malamin addini sai a girmama hakan sarai. Ni ina ganin daidai ne ɗari bisa ɗari. Mutumin da ke kulle ba ya iya tashi ya bar maka wurin, an riga an ƙwace masa zaɓin lokacin barci da na cin abinci, kada kai ma ka zo ka ƙwace ɗan abin da ya rage masa.

A Amurka, ƙasar da ke da mutum kusan miliyan 2 a tsare, bizar ma'aikacin addini sunanta R-1, kuma ba kai ke nema wa kanka ba, wata ikilisiya ko ƙungiya ta can ce za ta nema maka, sai kuma ka shekara 2 aƙalla cikin ɗarikar. Ƙungiyar da ta fi suna a wannan aiki daga can ta fito, Prison Fellowship. Charles Colson ne ya kafa ta a 1976, mutumin da ya kasance na hannun daman shugaba Nixon, badaƙalar Watergate ta ci shi, yayi wata 7 a kurkuku a jihar Alabama, ya fito ya kasa manta waɗanda ya baro a ciki. A 1979 aka kafa reshen duniya, yanzu suna ƙasashe sama da 100 har da Najeriya. Abin da nake so ka lura da shi a tsarinsu, a kowace ƙasa 'yan ƙasar ne ke riƙe da aikin. Ba sa kwaso mutane daga nesa su zuba a kurkukun da basu san harshensa ba.

Ka dubi Angola kuma, ba ƙasar ba, wani ƙaton gidan yari ne a jihar Luwiziyana da yawancin mutanen ciki a can za su mutu. A 1995 makarantar tauhidi ta Baftis da ke New Orleans ta buɗe aji a cikin gidan, fursunoni suka riƙa yin digiri, har ta kai ana ɗaukar waɗanda suka gama ana mayar da su wasu gidajen yarin jihar a matsayin 'yan mishan, suna nan a fursunoninsu. Kaga wanda zai kwana ɗaki ɗaya da mutane, ya ci abin da suke ci, shi ne mai bisharar gaske, kai da ni awa biyu muke yi mu fita. A Birazil ma wani lauya Mário Ottoboni ya fara wani tsari a 1972 da ake kira APAC, gidajen yari ne da babu gandiroba mai bindiga, wasu makullan ma a hannun fursunonin suke, kuma ba a kiransu fursunoni, ana ce musu masu farfaɗowa. Duk inda aikin nan yayi saiwa, ka bincika, za ka tarar an ɗauki na ciki a matsayin mutane masu iya riƙe amana.

Amma ba komai na can ne abin koyi ba. A jihar Iowa kotu ta yanke hukunci a 2006 cewa wani shiri na Prison Fellowship ɗin nan ya saɓa wa tsarin mulki, saboda ana tafiyar da shi da kuɗin gwamnati kuma waɗanda suka shiga suna samun gatan da sauran basu samu. Wannan ya kamata ya zama mana gargaɗi, mu da muke aiki inda sabulu ɗaya abin faɗa ne. In ka shiga da sabulu da gari da man shafawa kace sai wanda ya zo sujada zai samu, ɗakin zai cika maƙil, za ka ɗauki hoto ka tura wa masu tallafa maka, amma yunwa ka tara ba tuba ba. Mu a nan, kuma ka san Jos da abin da muka sha a garin nan, in mun kawo kaya kowa ake ba, Musulmi da Kirista da wanda baya komai, kuma a hannun hukuma ake rabawa ba a ƙofar ɗakin sujada ba. Sau da dama na kai saƙon fursuna Musulmi wurin limaminsu, shi ma ya sha kawo min na namu.

Akwai kuma ƙasashen da maganar ma bata taso ba. A Saudiyya wa'azin Kirista haramun ne a doka. Maroko ta kori Kiristoci baƙi da dama a 2010 kan zargin jan mutane zuwa addininsu, Nepal ta sa hukuncin ɗauri kan juyar da mutum daga addininsa a dokarta ta 2017, jihohi da dama a Indiya suna da irin wannan doka. Kada wani ya zuga ka ka shiga da bizar yawon buɗe ido kace za ka yi dabara. In aka kama ka watakila kora kawai za a yi maka, amma 'yan'uwa na can da suka shekara goma suna lallaɓa hukuma kafin a bar su su riƙa shiga, su za a rufe wa ƙofa, fursunan da ya saurare ka kuma shi zai kwana a ciki.

Yanzu 'yan gidanmu da kace su ne suka fi tsaya maka a rai. Suna nan da yawa, a Ingila, Italiya, Indiya, Sin, Tailan, Birazil, Indunusiya, da kurkukun Kaliti a Habasha inda ake kai waɗanda aka kama a filin jirgin Addis Ababa. Mafi yawa maganar ƙwaya ce ko damfara ko takardu. Wasu sun aikata, wasu an yi amfani da su. A ranar 29 ga Afrilu 2015 an harbe mutum 8 a tsibirin Nusakambangan a Indunusiya, 4 daga ciki 'yan Najeriya ne. Cikin mutum 8 ɗin akwai wani ɗan Ostareliya, Andrew Chan, wanda aka kama da laifin safarar ƙwayar heroin a 2005, ya tuba a kurkukun Kerobokan a Bali, ya riƙa bi da sujada a can har aka naɗa shi fasto yana jiran mutuwa. Fastocin da suka raka su sun ba da labari cewa suna waƙar yabo har lokacin da aka yi harbin. Wanda zai yi wannan aiki ya sani wata rana abin da za a nema a wurinsa ke nan, ya raka mutum har bakin mutuwa, ba shi da ikon hanawa.

Abin da kai kake da shi wanda Bature mai digiri uku ba shi da shi, harshe ne. Wata Laraba a can Ingila muna jera kujeru kafin nazari, sai naji wani yana gunaguni da wata murya da na sani, irin waƙar da zumuntar mata ke yi in suna shiga da baiko. Na juya, mutum ne mai kusan shekara 40, yana goge tebur. Nace masa, ɗan'uwa, daga ina? Tsumman ya faɗi daga hannunsa. Ya tsaya yana kallona kamar ya ga fatalwa, sannan ya zauna a ƙasa ya rufe fuska. Shekara 3 bai yi Hausa da kowa ba. Ɗan wani ƙauye ne ba nisa da nan, ƙwaya aka kama shi da ita a ciki, kuma bai taɓa musu ba, yace Baba na aikata, kuɗi na bi. Abin da ke cin sa ba ɗaurin bane, mahaifiyarsa ce, tun da aka kama shi kunya ta hana shi aika gida, bai sani ba ko tana da rai, ita ma bata sani ba ko yana da rai.

Ban karɓi ko lambar waya a hannunsa ba a ranar, don doka ta hana. Na je wurin shugaban ofishinmu na faɗa masa, aka rubuta, aka bi ta hannun masu tsaro, shi ya rubuta wasiƙarsa aka duba ta aka ba da izini. Da na zo hutu na hau mota na je ƙauyen. Na tarar da tsohuwar tana shanya acca a kan tabarma. Na gaishe ta, na zauna, aka kawo ruwa, nace Mama na zo da labarin ɗanki, yana da rai. Bata yi ihu ba. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta ce yana ina. Na faɗa mata gaskiya duka, har laifin. Tayi shiru mai tsawo, sannan tace, an ce ƙasar akwai sanyi, yana da bargo? Ashe 'yan'uwa sun daɗe suna matsa mata a yi zaman makoki ta ƙi. Da zan tafi ta ƙulla yaji da ƙuli-ƙuli a leda tace in kai masa, dole nace Mama ba za a bari ya shiga ba, wannan ya fi komai yi min wuya a tafiyar. Hoto muka ɗauka a madadin, tana tsaye a ƙofar ɗakinta da zanen zumunta. Hoton nan ya manna shi a bango har ranar da aka sallame shi. Sai bayan wannan ne fa ya fara tambayata ko Allah zai iya gafarta wa mutum irinsa, ni ban taɓa tayar masa da maganar ba.

Kuma ba Kiristoci kaɗai za ka tarar ba. Masu jin Hausa daga Nijar, Gana, Kamaru, Chadi, Sudan, da yawansu Musulmi ne, za su ji sannu a bakinka su manne maka. Ka taimake su tsakani da Allah, ka fassara musu takarda in an yarda, ka haɗa su da limami. Ka kuma san cewa yarjejeniyar Biyana ta 1963, sashe na 36, ta ba duk baƙon da aka kama haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, da yawa basu san da wannan ba. A Abuja akwai hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje da ma'aikatar harkokin waje, nan iyali ke kai kuka. Najeriya da Birtaniya sun sa hannu kan yarjejeniyar musayar fursunoni a 2014. Kai ba lauya bane, kada ka taɓa yin kamar kai ne, amma ka san ƙofar da za ka nuna wa mutum.

Maganar yaji da ƙuli-ƙulin nan kada ka ɗauke ta da wasa. Kada ka shigar da komai, kada ka fitar da komai, ko layin waya, ko 'yar takarda, ko kuɗi, sai da sanin hukuma. Za a roƙe ka da hawaye, wani da gaskiyarsa, wani gwada ka yake yi, kuma ranar da ka yi na farko ka zama nasu. Haka a filin jirgi, in an san kana zuwa wurin fursunoni za a yi ta kawo maka saƙo, kada ka karɓi jakar kowa ko da dattijon ikilisiya ne ya kawo. Ka tuna ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya a ƙarshen 2018 saboda wata jaka da aka liƙa wa sunanta bata sani ba, sai da ta yi wata huɗu kafin gaskiya ta fito. Sannan alkawari kaya ne. Yusufu ma baƙo ne a kurkukun Masar, abin da ya roƙi mai shayarwar Fir'auna kawai ya tuna da shi, mutumin ya fita ya manta har shekara 2. In ba ka tabbata za ka iya ba, kace zan gwada, ko kace ba zan iya ba. Sun saba da a'a, abin da ke karya su shi ne e ɗin da bata zuwa. Ɓangaren mata kuma ka bar wa mata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, in za ka shiga sai tare da su.

Wani abu da masu zafin aikin nan ke mantawa, kuma ni ma na daɗe kafin in gyara, shi ne waɗanda aka cuta. In ka daɗe kana zama da fursunoni za ka ƙaunace su, har ka fara jin kamar duk duniya ce ta zalunce su. Amma bayan kowace ƙwaya akwai ɗan wani da ya lalace, bayan kowace damfara akwai tsohuwar da aka kwashe wa kuɗin fansho. Bisharar da ke ce wa mutum an gafarta maka shikenan, bata taɓa tambayarsa ina wanda ka cuta ba, rabi ce. Zakka da ya sadu da Yesu cewa yayi zai mayar ninki huɗu, kuma a kan labarinsa aka gina wani shiri da ake yi a gidajen yarin ƙasashe da dama, inda ake kawo mutanen da aka taɓa yi wa laifi su zauna da masu laifi su faɗi abin da ya same su. A Ruwanda bayan kisan ƙare dangi na 1994, lokacin da gidajen yari suka cika da mutum sama da dubu 100, fastocin ƙasar, wasunsu an kashe musu dangi, su ne suka shiga suna kiran masu kisa su furta su nemi gafara, har aka gina ƙauyukan sulhu irin Mbyo inda wanda ya kashe da wanda aka kashe wa suke maƙwabtaka. Mu a Filato muna da buƙatar koyon wannan ƙwarai.

Wa zai tura ka? Kada ka tura kanka. A garin nan kake, hedkwatar ECWA da ta COCIN duk suna nan, EMS, ƙungiyar mishan ta ECWA, tana tura 'yan mishan tun 1948, ƙungiyar mishan ta CAPRO tun 1975, suna da mutane a ƙasashe da dama kuma sun san yadda ake biza da riƙon ma'aikaci a waje. Ka je ka zauna da su. Hanyar da na ga ta fi yiwuwa ita ce ka tafi a matsayin fasto ko ɗalibi ko ma'aikacin wata ikilisiya ta can, aikin kurkuku ya zama ɓangaren hidimarka. Kuma kada idonka ya tsaya kan Turai kaɗai, Nijar da Kamaru da Chadi da Benin ma ƙasashen waje ne, akwai 'yan Najeriya a gidajen yarinsu da babu mai leƙa su, ka fara koyon Faransanci tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Rabin aikin ma a gida yake. Mutumin nan da na baka labarinsa, da ya gama wa'adinsa jirgi aka sa shi aka sauke a Legas da 'yar jaka ɗaya. A kurkuku shi ke karanta nassi ranar Lahadi, a gida kuwa ya shiga majami'a aka riƙa matsawa daga bencin da ya zauna, mata suna jan jakunkunansu. Sai da na je na zauna da dattawan ikilisiyar sau uku, aka samu wani kafinta cikinsu ya ɗauke shi aiki. In da za a samu matasa biyar a Jos da za su riƙa nemo iyalan waɗanda ke ɗaure a waje, su zauna da iyayen, su duba makarantar yaran, su tarbi waɗanda aka dawo da su, da sun yi abin da ɗan mishan ɗaya a Landan ba zai iya ba.

Saboda haka ga abin da nake so ka yi. Ka bani shekara ɗaya a nan gida kafin mu yi maganar fasfo. Tun 2019 aka canza sunan hukumar gidajen yarin Najeriya zuwa ta gyaran hali, amma har yanzu kusan biyu cikin uku na mutanen da ke ciki jiran shari'a suke yi, za ka ga yaron da ya fi shekarar da za a ɗaure shi a zaune yana jira, za ka ga wanda tarar kotu da bata kai kuɗin buhun masara ba ta riƙe shi. Tun bayan harin da aka kai gidan yarin Jos a Nuwamba 2021 an ƙara tsaurara shiga, don haka sai an kai sunanka tun da wuri. Ka karɓo takarda daga faston ikilisiyarku, ka haɗa da hoto biyu da katin ɗan ƙasa ka kawo min cikin makon nan. Ranar da za mu shiga ka bar waya a gida, ka sa kaya marasa ado, kuma kada ka shirya wa'azi, wata uku na farko zama za ka yi a benci kana saurare. Akwai wani ɗan'uwa a ciki da ke bi da nazarin Markus, shekararsa 11 a wurin, a gefensa zan zaunar da kai.